Ƙullutu a Hantsar Mai Tozali

A gidan su Auta akwai tumaki goma sha tara. Auta ta san halin kowace. Ta san mai faɗa, ta san matsoraciya, ta san wadda ke cinye rabon 'yan uwanta. Amma guda ɗaya ce ta ƙwace mata zuciya.

Tunkiyar fara ce tas, sai baƙin zobe a kewayen idanunta. Shi ya sa ake ce mata Mai Tozali. Tun tana 'yar ƙarama Auta ke ba ta dusa a tafin hannu. Idan Auta ta dawo daga makaranta, Mai Tozali ce ke fara jin ƙarar ƙofa. Sai ta rugo bakin shinge tana kuka, kamar wadda ta kwana uku ba ta ci ba. Alhali kuwa duk garken babu mai ƙibarta.

Shekarar Auta goma, tana aji biyar. Yarinya ce mai hankali da ladabi. Sai dai tana da wani hali. Idan abu ya dame ta, ba ta tambaya. Sai ta haɗiye shi, ta yi ta juya shi a ranta ita kaɗai.

Babanta yana tuƙa babbar motar gyaran hanya. Idan aka tura su aiki nesa, yakan yi wata biyu bai dawo ba. Mamanta tela ce, kullum tana kan keken ɗinki a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Yayanta namiji yana makarantar sakandare. Shi ke yanko wa tumaki ciyawa da yamma. Auta ce ke zuba musu ruwa da dusa.

Baba yana da hanyarsa ta duba tumaki. Idan suka kusa haihuwa, yakan duba hantsar kowace ɗaya. Hantsa ita ce jakar da nono ke taruwa a ciki, a tsakanin ƙafafun baya. Ta tunkiya ɓangare biyu ce, hagu da dama.

Ranar dubawa kowa da aikinsa. Yaya yana tsayawa can bakin ƙofar shinge, yana turo tumakin ɗaya bayan ɗaya. Baba ya kama tunkiya, ya zaunar da ita, ya jingina bayanta da gwiwoyinsa. Sai ya lallatsa hantsar da yatsunsa a hankali. Auta kuma tana tsaye da alli biyu masu maiƙo, shuɗi da ja.

Idan Baba ya ce, "Shuɗi," sai ta yi layi shuɗi a bayan tunkiyar. Wannan lafiyarta ƙalau ke nan. Idan ya ce, "Ja," sai ta yi jan layi. Wannan sai likitar dabbobi ta duba ta.

Auta ba ta ƙaunar jan allin nan ko kaɗan. Bara an sa wa wata tsohuwar tunkiya shi. Likita ta zo ta ɗauke ta a bayan mota, kuma ba ta dawo ba. Babu wanda ya yi wa Auta bayani, ita ma ba ta tambaya ba. Yaya ne kawai ya ce mata wata rana, yana dariya:

"Ke ba ki sani ba? Duk wadda ta sha jan alli, sai wuƙa!"

Wasa yake yi. Shi Yaya bakinsa ba ya rasa abin tsokana. Kafin yamma ma ya manta ya faɗi haka. Amma Auta ba ta manta ba.

Wata Asabar da safe, ana gobe Baba zai tafi aiki, aka fito duba tumaki.

"Shuɗi," in ji Baba. Auta ta yi layi.

"Shuɗi."

"Wannan hantsarta da zafi. Ja."

Haka aka yi ta yi, har aka samu masu ja guda biyu. Sai Yaya ya turo Mai Tozali. Ta shigo tana rangaji da ƙaton cikinta. Baba ya zaunar da ita. Ya latsa ɓangaren dama. Ya latsa na hagu, sai yatsunsa suka tsaya. Ya sake latsawa.

"Auta, kawo hannunki nan," in ji shi.

Ya ɗora yatsunta can sama, ta bayan hantsar. Auta ta ji wani ɗan ƙullutu mai tauri a ƙarƙashin fata. Bai wuce ƙwayar gyaɗa ba.

"Kin ji shi?"

"Na ji, Baba."

"Babu zafi, kuma ba ta zabura ba da na taɓa. Ban san mene ne ba. Sa mata ja."

Ya saki tunkiyar, ya juya yana kiran Yaya. "Turo ta gaba!"

Auta ta tsaya da alli biyu a hannu. Mai Tozali tana shinshina aljihunta, tana neman dusa. Baba ya ba da baya. Yaya yana can yana kokawa da wata mai taurin kai. Auta ta tuna motar nan da ta tafi da tsohuwar tunkiya. Ta tuna maganar wuƙa.

Sai ta yi layi shuɗi a bayan Mai Tozali. Ta kora ta da sauri can ƙurya, cikin 'yan uwanta.

Babu wanda ya gani.

Da aka gama, Baba ya wanke hannu, ya leƙa ɗakin ɗinki.

"Likita za ta zo ranar Talata," ya ce wa Mama. "A nuna mata duk masu jan alli."

"To, Allah ya kai mu," in ji Mama, da zare a bakinta.

Washegari Baba ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Ranar Talata bayan an tashi daga makaranta, Likita ta zo. Doguwar mace ce mai fara'a, da takalman roba har gwiwa. Yaya ya kamo mata masu ja guda biyu. Ta duba su, ta tatsi nononsu kaɗan a cikin ɗan kwano, ta yi musu allura.

"Ƙwayoyin cuta ne suka shiga hantsar," in ji ta. "An gani da wuri. Kwana biyar sun warke. Su ke nan?"

"Su ke nan, Likita," in ji Yaya.

Likita ta dubi Auta, wadda ke tsaye kusa da durom ɗin ruwa. "Ke fa, 'yar kiwo? Akwai wata da kika ga ba ta jin daɗi?"

Saura kaɗan Auta ta faɗa. Sai ta girgiza kai.

Likita ta rufe jakarta, ta shiga mota ta tafi. Ba ta ɗauki ko tunkiya ɗaya ba. Masu jan allin suka koma cin ciyawarsu.

Auta ta yi tsaye tana kallonsu. Ashe jan alli ba wuƙa ba ne! Da ta bari, da yanzu an duba Mai Tozali ita ma. Amma yanzu wani sabon tsoro ya shigo. Idan ta faɗa, kowa zai san abin da ta yi. Baba zai san ta saɓa masa. Sai ta ce a ranta, "Ai ɗan ƙarami ne. Zai tafi da kansa."

Da yamma Baba ya bugo waya. Inda suke aiki layin ba shi da kyau.

"Likita ta zo?" Auta ta ji muryarsa tana yankewa.

"Ta zo," in ji Mama. "Ta duba masu jan allin duka. Ta ce kwana biyar sun warke."

"Alhamdulillahi. Hankalina ya kwanta."

Layin ya katse. Auta ta tashi ta bar ɗakin.

Daga ranar, kullum da safe sai ta sa hannu ta taɓa ƙullutun. Yana nan. Ta tuna yadda Mama ta gasa wa Yaya ƙafa da ruwan ɗumi lokacin da ya yi targaɗe a wajen ƙwallo. Sai ta riƙa jiƙa tsumma a ruwan ɗumi tana ɗorawa a wurin. Mai Tozali tana jin daɗin abin, har da lumshe ido. Amma ƙullutun bai ragu ba.

Bayan mako uku ya kai ƙwan kaza.

A cikin makon nan Mai Tozali ta haihu. Tagwaye ta haifa, namiji da mace. Kowa a gidan ya yi murna. Auta ma ta yi, amma murnarta ba ta kai ciki ba.

Ɗan namijin ya kama nonon dama, ya yi ta sha, jelarsa tana rawa. 'Yar macen ta kama na hagu. Ta tsotsa, ta saki, ta sake kamawa. Nonon kaɗan yake zuwa. Idan ta koma na dama, sai ɗan'uwanta ya tunkuɗe ta.

Hantsar ta cika da nono, ƙullutun kuma yana can sama ta baya. Sai wanda ya sa hannu zai ji shi. Mama tana fama da ɗinkin kayan makaranta, Yaya yana fama da jarrabawa. Auta ce kaɗai ke sa hannu.

Wata rana Mama ta fito shanya. Ta tsaya ta dubi tagwayen.

"Wai 'yar macen nan me ya same ta? Duba haƙarƙarinta a waje."

"Ɗan'uwanta ne mai haɗama," in ji Yaya. "Ya gado uwarsa. Ita kuma ta gado Auta, ba ta iya ƙwace ba."

Mama ta yi dariya. Auta ba ta yi ba. Ta ɗauki 'yar tunkiyar, ta ji ba ta da nauyi ko kaɗan. Abin ya yi mata zafi ƙwarai.

A makaranta ma hankalinta ba ya aji. Wata Alhamis malamar kimiyya ta ce kowa ya zana saiwar wake. Yara suka duƙufa. Da malama ta zagayo, sai ta tarar da takardar Auta fara fat.

Da aka kaɗa ƙararrawa, malama ta ce, "Auta, ki tsaya."

Sauran yara suka fita. Malama ta jawo kujera ta zauna kusa da ita.

"Kwanan nan jikinki ne kawai ke zuwa aji. Lafiya a gida?"

"Lafiya lau, Malama."

"To me ke damun ki?"

Auta ta murza fensir ɗin da ke hannunta. Can ta ce, "Malama, idan ƙullutu ya fito a jikin dabba, yana tafiya da kansa?"

"Wani yana tafiya, wani ba ya tafiya."

"Yaya ake gane wanda zai tafi?"

"Ni ma ban iya ganewa ba. Sai likita. Shi ya sa ake kai mata da wuri. Dabbar waye?"

"Tamu ce."

"Yana girma?"

Auta ta gyaɗa kai. Idanunta suka cika da ƙwalla.

"Iyayenki sun sani?"

"Idan na faɗa, za a gane na yi laifi."

Malama ba ta tambayi laifin ba. Ta ce, "Auta, dube ni. Faɗan da za a yi miki, kwana nawa zai yi?"

"Ɗaya. Ko biyu."

"Ita kuma dabbar, tana da bakin da za ta faɗa wa wani?"

"A'a, Malama."

"To wa ya san abin da ke jikinta?"

"Ni kaɗai."

"Kin gani ke nan. Je ki gida."

Auta ta fito. Duk hanya tana shirya yadda za ta gaya wa Mama. Amma da ta tura ƙofa, sai ta ga manyan takalman Baba a bakin ɗaki, duk laka. Baba ya dawo.

Ta jiyo muryarsa daga shingen tumaki. Ba muryar murna ba ce.

Ta ajiye jaka ta ƙarasa. Baba ya zaunar da Mai Tozali, hannunsa a kan hantsarta. Ƙullutun ya kai girman lemo. Fatar wurin ta miƙe tana ƙyalli. Mama da Yaya suna tsaye.

"Likita ta ga wannan ta ce kwana biyar?" in ji Baba.

"Baba, ba ta ga wannan ba," in ji Yaya. "Masu ja biyu ne, su na nuna mata."

"Uku ne!"

"Wallahi biyu ne, Baba."

Baba ya miƙar da tunkiyar. Ya buɗa gashin bayanta da yatsa. Allin ya koɗe, amma ana ganinsa. Shuɗi ne.

Baba ya daɗe yana kallon layin. Sai ya zauna a kan bokitin da ke kife, ya dafa kai.

"To ni ne ke nan," ya ce a hankali. "Zuciyata tana nufin ja, bakina ya ce shuɗi. Ina ta saurin tafiya. Yarinya abin da ta ji ta sa. Ni na cuci dabbar nan."

Babu wanda ya dubi Auta. Da ta yi shiru, da maganar ta ƙare a nan. Amma ganin Baba a kan bokitin nan ya fi mata kowane irin faɗa ciwo.

"Baba," in ji ta. "Ja ka ce."

Kowa ya juyo.

"Ja ka ce, ni na sa shuɗi. Da gangan na yi. Kuma kullum ina taɓa shi, na san yana girma."

Mama ta riƙe baki. "Auta! Me ya sa?"

"Na zaci za a yanka ta. Yaya ya ce duk wadda ta sha jan alli, sai wuƙa. Waccan tsohuwar ma da aka sa mata ja, ba ta dawo ba."

Sai ta fashe da kuka.

Yaya ya sunkuyar da kai. "Ni fa wasa nake yi," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Wasa," in ji Mama. "Ga wasan nan ka gani."

Baba ya miƙe daga kan bokitin. Ya ciro waya ya kira Likita. Sai da ya gama, sannan ya ce, "Auta, zo nan."

Ta matso. Ta zaci zai daka mata tsawa.

"Kin yi laifi babba," in ji Baba. "Kin canza abin da na ce. Kin ga dabba tana ciwo, kin yi shiru mako bakwai. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Amma bari in gaya miki abin da ya kamata in gaya miki tun bara. Waccan tsohuwar, ba jan alli ne ya kashe ta ba. Na ga kumburi a jikinta, na ce bari in je aiki in dawo. Kafin in dawo, ciwon ya ci ƙarfinta. Likita ta yi iya ƙoƙarinta, ba ta tashi ba. Jinkirina ne ya jawo."

Auta ta share hawaye ta dube shi. Ba ta taɓa jin Baba ya faɗi kuskurensa ba.

"Me ya sa ba ki tambaye ni ba?" in ji shi.

"Na ji tsoron amsar."

Baba ya numfasa. "Ni ma ya kamata in lura kina jin tsoro."

Kafin la'asar Likita ta iso. Ta durƙusa ta daɗe tana lallatsa ƙullutun. Ta sa allura a ciki ta ja. Babu abin da ya fito. Ta taɓa ƙarƙashin cinyoyin tunkiyar, ta saurari ƙirjinta.

"Ba ƙurji ba ne," in ji ta. "Da ƙurji ne, da mugunya ta fito. Wannan ƙari ne."

"Mene ne ƙari, Likita?" in ji Auta. Wannan karon ta tambaya.

"Wata tsoka ce da ke ta girma a inda bai kamata ba, ba ta san ta tsaya ba. Ba ya yawan fitowa a hantsar tumaki. Yawancin ƙullutun da nake gani ƙurji ne ko kumburi. Amma yakan faru."

"Ruwan ɗumi ba ya maganinsa?"

"Ko kusa. Allura ma ba ta narkar da shi. Sai an yi tiyata an cire."

"Za ta mutu?"

Likita ta dube ta sosai. "Ban sani ba tukuna, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Ƙari iri biyu ne. Akwai mai zama wuri ɗaya. Akwai mai yaɗuwa cikin jiki, shi ake kira ciwon daji. Idan na cire, zan aika da shi ɗakin gwaji. Su za su gaya mana wanne ne."

Auta ta ƙara matsowa kusa da Likita. Akwai tambaya ɗaya da ta rage, kuma ita ce mafi nauyi.

"Likita, da kin gan shi tun yana kamar gyaɗa fa?"

"Da ɗan yanka kaɗan zan yi, in cire shi, ta ci gaba da nononta biyu. Yanzu ya cinye ɓangaren hagu. Dole in cire ɓangaren gaba ɗaya."

Auta ta ce, "To."

Likita ta buɗe bayan motarta. Auta da kanta ta ɗebo dusa a tafin hannu. Mai Tozali ta biyo ta tana lasa, har bakin motar. Baba da Yaya suka ɗaga ta suka sa. Motar ta tashi, tagwaye suna ta kuka a shinge.

Kafin ta tafi, Likita ta bar gwangwanin madarar gari ta 'ya'yan tumaki, da kwalba mai bakin roba. Ta nuna yadda ake damawa.

"Wannan aikinki ne," Baba ya ce wa Auta. "Da asuba kafin makaranta, da kin dawo, da yamma, da kafin ki kwanta. Mamanki za ta riƙe miki na tsakar rana. Babu fita wasa sai an yaye su. Kai kuma sarkin tsokana, kai za ka riƙa wanke kwalbar."

Yaya ya buɗe baki, ya dubi fuskar Baba, ya rufe.

Aikin ba sauƙi. Ɗan namijin ya karɓa nan da nan, amma da farko 'yar macen ta ƙi bakin robar. Ta yi ta kau da kai, madara tana zuba a rigar Auta. Sai Auta ta jiƙa yatsanta da madarar ta sa mata a baki. Da ta fara tsotsa, sai ta zame yatsan ta sa robar. A rana ta biyu 'yar ta gane. A rana ta uku har tana tunkuɗar kwalbar.

A rana ta huɗu motar Likita ta tsaya a ƙofar gida. Auta ta fita a guje, ko takalmi babu. Tun kafin a buɗe bayan motar ta ji kukan da ta sani.

Mai Tozali ta rame kaɗan. An aske gashin cikinta. Inda ɓangaren hagu yake a da, yanzu dogon ɗinki ne da baƙin zare.

Mama ta sa tabarau ta durƙusa ta duba ɗinkin. "Likita, hannunki ba laifi," in ji ta. "Idan kin gaji da dabbobi, ki zo, ina da keke na biyu."

Likita ta yi dariya. "Sakamakon gwaji sai nan da kwana goma," in ji ta. "A riƙa wanke wurin, kar ƙuda ya sauka."

Kwana goman nan sun yi wa Auta tsawo. Tana wanke ɗinkin safe da yamma. Duk abin da ta gani, sai ta faɗa. "Baba, yau gefen ya ɗan yi ja." "Mama, yau ba ta cinye dusarta ba." Har Yaya ya ce ta zama gidan rediyo. Baba ya ce a bar ta, irin labaran da yake son ji ke nan.

A rana ta goma sha ɗaya, da yamma, wayar Baba ta yi ƙara. Auta tana shinge tana dama madara. Ta ga Baba ya sa waya a kunne. Ta ji yana cewa, "To... to... na gode, Likita." Hannunta ya tsaya a kan cokali.

Baba ya tako har bakin shinge.

"Mai zama wuri ɗaya ne," in ji shi. "Kuma an cire shi duka. Mai Tozali za ta rayu."

Auta ta ajiye kwalbar, ta rungume wuyan tunkiyar. Ta yi dariya, ta yi kuka, duk a lokaci ɗaya. Mama ta fito tana hamdala. Ita kuwa Mai Tozali, ko a jikinta. Ciyawarta kawai take tuƙa.

Da aka kwance zaren ɗinkin, aka mayar mata da 'ya'yanta. Ɗan namijin ya ruga ya kama nonon dama. 'Yar macen ta zagaya hagu, inda ta saba. Ta tunkuɗa da hanci. Ta sake tunkuɗa. Babu komai a wurin sai tabo.

Ta ɗan tsaya. Sai ta juyo, ta nufo Auta tana kuka.

Auta ta durƙusa ta ba ta kwalbar. Baba yana tsaye yana kallo.

"Baba, nonon nan ba zai sake fitowa ba ko?"

"Ba zai sake ba. Amma tana da ɗaya, kuma tana da rai. Me kika koya?"

Auta ta dubi 'yar tunkiyar da ke tsotsa a hannunta.

"Ɓoye ciwo ba ya warkar da shi, sai dai ya ba shi lokacin girma," in ji ta. "Idan na ga abin da ban gane ba, zan faɗa da wuri. Idan kuma ina jin tsoro, zan tambaya."

"Ko da za a yi miki faɗa?"

"Ko da za a yi mini faɗa, Baba."

Baba ya dafa kanta. 'Yar tunkiyar ta shanye madarar tas, cikinta ya yi tim, ta koma ta kwanta a jikin uwarta.